Wurare Uku da Farfesa Ya Goge

Mu huɗu ne a shagon gyaran kayan lantarki, idan aka lissafa da kwamfuta. Kuma dole a lissafa da ita, don ita kaɗai aka saya wa fanka. Injiniya, mai shagon, shi ya raɗa mata suna Farfesa, kuma tun daga ranar ta zama namiji. Kullum da safe sai ya yaye ƙyallen da yake rufe shi da shi, ya hure ƙurar madannai, ya ce, “Farfesa, an tashi lafiya?” Ni kuwa haɓa kawai yake ɗaga mini.

Na uku shi ne Baba Tagulla, wanda ke naɗa waya ta zama koyil tun kafin a haife ni. Teburinsa na can ƙurya kusa da ƙofar baya, yana ƙamshin dalma da shayin da ya huce. Ta huɗu ni ce. Shiru suke ce mini. Na gama jami’a da takarda mai kyau, amma takarda ba ta magana, ni ma haka. An ɗauke ni gwaji na wata uku, kuma ranar Juma’ar wannan makon wata ukun za su cika. Baba ya gaya mini wanda ya riga ni zama a kujerar kwana ashirin kawai ya yi. Laifinsa, ya ce Farfesa ya yi kuskure.

“Ya yi kuskuren?” na tambaya.

“Wa ya tsaya dubawa?” in ji Baba.

Ranar Litinin wata mata ta shigo tana ɗaga wayarta sama tun daga bakin ƙofa. Tana da babban ɗakin taro da take bayarwa haya, kowa Madam yake ce mata. Ba ta zauna ba, ta danna waya. Muka ji wani mutum yana jawabi, a bayan muryarsa kuma wani siririn kuka, kiiii, kamar sauro ya samu makirufo.

“Kun ji ko? Tunda na sa sola abin nan ya shiga lasifikokina. Na canza wayoyin lasifika, na canza mai gyara, na canza wanda ya kawo mini mai gyaran. Ranar Asabar likitocin haƙori za su yi taronsu na shekara a wurina. Likitocin haƙori fa, Injiniya! Wannan ƙarar ita suke ji tun safe har yamma a wurin aiki. Ba za su sa kwat su zo su sake jin ta ba.”

“Madam, ki ɗauka an gama,” in ji Injiniya, ya dafa kan Farfesa. “Juma’a ki zo ki ji da kunnenki.”

Maganin irin wannan filta ce, wadda ke barin sauti mai kauri ya wuce, ta tare siriri. Muryar mutum, ko da ta mai tsiwa ce, yawancinta ba ta haura kaɗawa dubu biyar a daƙiƙa. Kukan inbatan Madam kuwa, wato na’urar da ke juya wutar sola ta zama ta gida, da na je na auna, yawo yake yi tsakanin dubu tara da dubu goma sha shida, ya danganta da yawan fitilu da firij ɗin da aka kunna. Filtar ba ta cin batir, ba ta son wuta. Koyil ne da kafasita, ɗan abin nan mai riƙe caji, su kawai, a jera su yadda ya dace. Wahalar ita ce sanin girman kowanne, kuma nan ne Farfesa ke shigowa. Sai ka zana masa jerin, ka nuna masa wuraren da zai duba, ka ce a nan ina so sauti ya wuce, a nan ina so ya mutu. Shi kuma ya yi ta juya lambobi sau dubbai yana gwadawa, har ya samu waɗanda suka fi cin maki.

Injiniya ya ce ni zan yi. “Aikinki na ƙarshe ke nan kafin mu san matsayinki.”

Ranar Talata na zana jerin, da tarko uku a ciki, wato koyil da kafasita a haɗe waɗanda ke kama siririn sauti. Na ba Farfesa wurare ɗari biyu da zai duba a yankin da kukan ke yawo. Fankarsa ta ciki ta fara nishi. Ya rubuto cewa zai gama nan da awa biyar.

Sai na ji ƙamshin turaren Injiniya a bayana.

Ni akwai abin da ba na iya jurewa a duniya: a tsaya mini a ƙeya. Yana karkaɗa makullin mota, yana numfashi a saman ɗankwalina.

“Awa biyar? Me kika ɗora masa haka? Ke, Farfesa ba jaki ba ne.”

Na rage zuwa wurare hamsin. Awa ɗaya da kwata. Makullin bai daina ƙara ba. Na rage zuwa goma. Ya yi tsaki. Ban san lokacin da yatsuna suka share saura ba, suka bar uku: dubu tara, dubu goma sha biyu, dubu goma sha shida. Farko, tsakiya, ƙarshe. Na ce a raina ai duk wanda ya tare waɗannan ukun ya tare abin da ke tsakaninsu. Abin da nake so kawai mutumin nan ya matsa.

Minti huɗu Farfesa ya gama. Zanen da ya fito ban taɓa ganin mai kyansa ba, ko a littafi. Layi ya miƙe sambal a yankin murya, ya faɗo kamar daga saman bene, sannan ya kwanta can ƙasa bai sake ɗagowa ba.

Injiniya ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. “Kin gani? Idan kika girmama shi, zai girmama ki.” Ya buga zanen a takarda, ya cire hoton bikin buɗe shagon daga firam ɗinsa, ya sa zanen a ciki, ya rataye. Ya kira Madam a waya ya bayyana mata layin, har da kwatance da hannu, ko da yake ba ta ganinsa.

Ranar Laraba na kai wa Baba Tagulla takardar lambobi. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya matso da ita, ya sake nisantawa.

“’Yata, waɗannan koyil ne ko zoben jarirai?”

“Farfesa ne ya ce.”

“Na yi shekara arba’in ina kashe irin wannan kukan. Koyil ɗinsa yakan cika tafin hannu.” Ya dube ni ta saman gilashi. Na dubi ƙasa. “To. Farfesa ya fi ni karatu.”

Kafin yamma ya naɗa su, ya haɗa komai a kan ɗan allo. Muna da wata na’urar gwaji da ke fitar da kowane irin sauti. Tana da madannai na rubuta lamba, tana kuma da wani mabuɗi da ake murɗawa a hankali a bi sautuka ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ba ya taɓa mabuɗin, ya ce na ’yan koyo ne. Ya duba takardata, ya rubuta dubu tara. Lasifika ta yi tsit. Ya rubuta dubu goma sha biyu. Tsit. Goma sha shida. Tsit. Ya yi wa Farfesa jinjina, ya ƙara masa ƙarfin fanka.

Na koma gida ina jin daɗi. Har na gaya wa Umma da alama za a riƙe ni.

Washegari da safe ina shan shayi a falo, Umma ta sa Yaya ya goge ƙura saboda ’yan’uwanta za su zo. Yayana yana hutun aiki ne, kuma a gidanmu wanda ke hutu shi ne mai aiki. Ya fito da tsumma a kafaɗa yana hamma. Ya goge saman talabijin. Ya tsallaka ya goge bakin taga. Ya goge hannun babbar kujera. Ya wurga tsumman bayan ƙofa.

“Umma, na gama!”

Umma ta fito tana gyara zani. Ta sa yatsa a saman talabijin, ta duba. Ta sa a bakin taga. Ta sa a hannun kujera. “Allah ya yi albarka,” ta ce, ta koma kicin.

Na dubi teburin tsakiya. Ƙurar da ke kai za a iya rubuta wasiƙa da ita.

“Yaya, tsakanin fa?”

“Wane tsakani?”

“Tebur. Kanta. Ƙarƙashin…”

“Ke, Umma tana duba can ne? Shekara ashirin da takwas ina gidan nan, wuri uku take dubawa. Ki sha shayinki, ’yar sa-ido.”

Kofin ya tsaya mini a tsakanin tebur da baki. Tarko uku. Wuri uku.

Ban jira motar da na saba hawa ba. Na isa shago kafin kowa, ni na yaye wa Farfesa ƙyalle, ban kuma gaishe shi ba. Na mayar masa da lambobin da ya ba ni, na ce wannan karon kada ya gyara komai, ya zana mini kawai yadda filtar take a wurare ɗari uku.

Abin da ya fito kamar haƙoran tsoho. Ramuka uku masu zurfi, sirara kamar allura, ɗaya daidai kan dubu tara, ɗaya kan goma sha biyu, ɗaya kan goma sha shida. A tsakaninsu kuwa layin ya haye sama ya zauna daram, kusan daidai da yankin murya. Wato Farfesa ya ɗauki tarkona uku ya ɗora kowanne a kan wurin da zan sa yatsa. Kyakkyawan layin da ke rataye a firam, shi ya ja shi da kansa daga rami zuwa rami, don ba wanda ya tambaye shi abin da ke tsakani. Filtar da muka yi za ta tare kukan Madam ne kawai idan kukan ya yi ladabi ya tsaya cak a kan lamba ɗaya cikin ukun.

Na mayar da wurare ɗari biyun, na sa shi ya sake lissafi daga farko. Awa biyar. Na juya allon ya kalli bango, na ce wa Injiniya hasken taga ne ke damun idona.

Sau uku na yi niyyar gaya masa ranar. Na farko na isa har bakin teburinsa, ya ɗago, na tambaye shi ko yana son shayi. Ya yi mamaki, don ban taɓa tambaya ba. Na biyu na ce, “Yallaɓai, game da filtar nan…” ya ce, “Na sani, na sani, ni ma jiya sai da na gaya wa matata,” ya nuna firam. Na uku yana waya da wani abokinsa yana cewa ya kamata a rubuta wannan zanen a mujalla.

Bayan azahar Farfesa ya gama. Sabon zanen ba shi da kyau ko kaɗan. Layin bai faɗo daga bene ba, gangarowa ya yi, kuma a ƙasan yana ɗan tsalle-tsalle kamar hanya mai gargada. Bai kai rabin zurfin na farko ba. Amma daga dubu tara har goma sha shida ba inda ya ɗago kai. Koyil ɗin kuma, da na duba lambobinsu, manya ne.

Na kai wa Baba takardar a ninke. Ya buɗe, ya karanta, ya buɗe tafin hannunsa ya duba shi, ya yi wata ’yar dariya ta hanci.

“Yanzu na ga koyil.”

“Baba, don Allah ka gaya masa. Kai yana jin maganarka.”

“Ni? Yana jin gaisuwata dai.” Ya jawo ƙullin waya mai kauri daga ƙarƙashin tebur. “Zan naɗa miki, kafin a tashi za ki samu. Amma bakina na shan shayi ne. Naki fa, ajiya aka ba ki?”

“Zai kore ni.”

“Zai iya. In kika yi shiru kuma, ranar Asabar likitoci ɗari biyu za su ji abin da kika yi, Litinin ya kore ki. Bambancin kwana uku ne. Miƙo mini almakashin can.”

Ranar Juma’a Madam ta zo ƙarfe goma. Injiniya ya sa sabuwar riga. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin gwaji, ya ɗora ƙaramar filtar a tsakiya kamar kayan ado. Tawa sabuwar tana cikin jakata, nauyinta ya karkatar mini da kafaɗa. Ya fara da nuna mata firam.

“Ni layi ba ya gaya mini komai,” in ji Madam. “Kunna.”

Ya fara sa mata sautin ba filta, ta toshe kunne. Ya jona filtar. Ya rubuta dubu tara. Tsit. Madam ta ɗaga gira. Goma sha biyu. Tsit. Goma sha shida. Tsit, sai ƙarar fankar Farfesa.

“Kai, Injiniya!” ta ce. “Ashe da gaske kake. A naɗe mini ita.”

Na buɗe baki. Ba abin da ya fito. Baba yana can ƙurya yana juya cokali a kofi, bai ko kalle ni ba. Injiniya ya miƙa hannu zai cire wayar.

Bakina ya ƙi, amma hannuna bai yi shawara da ni ba. Ya wuce ta ƙarƙashin gwiwar hannun Injiniya, ya kama mabuɗin ’yan koyo, ya murɗa shi baya a hankali.

Kiiiiiiii.

Madam ta yi tsalle har jakarta ta faɗi. Na ci gaba da murɗawa. Kukan ya ɗauke ɗif a dubu goma sha biyu, kamar ya ga malami, da na wuce ya dawo da ƙarfinsa. Na saki mabuɗin a kan dubu goma da ɗari biyar, inda inbatan Madam ya fi son zama idan an kunna firij. Ba wanda ya kashe shi sai da Baba ya taso da kofinsa ya danna.

Injiniya ya juyo. Ban taɓa ganin ya dube ni gaba ɗaya ba sai ranar.

“Me kike nufi?” Muryarsa ta yi ƙasa. “Kina nufin Farfesa ya yi kuskure?”

Na tuna wanda ya yi kwana ashirin. Na dubi takalmina, na tarar maganar tana can a ƙasa, sai na karanto ta daga nan.

“A’a, yallaɓai. Bai yi kuskure ba. Wuri uku na ce ya duba, ya gyara wuri uku. Abin da na tambaya ya ba ni, bai rage ba, bai ƙara ba. Ni ce na yi gaggawa na share sauran.” Ban ce don ya tsaya mini a ƙeya ba. Na ga makullin motar ya daina motsi a hannunsa, ina jin ya tuna da kansa.

“Wato kamar yaran da ke share mini ɗakin taro,” in ji Madam tana tsintar kayan jakarta. “Gaban dandamali fes, ƙarƙashin kujeru bola. To yanzu ni ya zan yi da gobe?”

Na ciro sabuwar daga jaka na ɗora a kan farin ƙyallen. Kusa da ta farko kamar an ajiye bulo kusa da agogon hannu.

“Wannan munin fa?” in ji Injiniya.

“Farfesa ne ya yi, yallaɓai. Awa biyar ya ɗauka.”

Wannan ya ɗan sassauta masa fuska. Na jona ta. Madam ta ture hannuna, ta ce ita za ta murɗa da kanta, ta gaji da injiniyoyi. Ta bi mabuɗin daga farko har ƙarshe, ta dawo, ta sake komawa, kunnenta manne da lasifika. In ka kasa kunne sosai za ka ji wani abu can nesa, kamar sauro a gidan maƙwabta. Ta sa aka jona makirufo, ta ce, “Ɗaya, biyu, Injiniya ka kusa kashe ni,” muryarta ta fito tas.

“Wannan nake so. Mummunar.” Ta juyo gare ni. “Ke kuwa ƙanwata, da ma kina magana?”

“Wani lokaci,” na ce.

Bayan ta tafi shagon ya yi shiru irin wanda ko ni sai da ya dame ni. Injiniya ya tsaya gaban firam ya daɗe. Ya koma gaban Farfesa ya daɗe. Ni kuma ina ta tattara birona da kofina a hankali, don in an ce in tafi kada in tsaya neman kaya a gaban mutane.

“Shiru,” in ji Injiniya.

“Na’am, yallaɓai.”

“Kin ce bai yi kuskure ba.”

“Bai yi ba.”

“Ka ji ko, Baba? Bai yi ba. Tun farko abin da nake gaya wa mutane ke nan, tambaya ce ba su iya ba.” Ya gyara wuyan sabuwar rigarsa. “Daga Litinin ke za ki riƙa gaya masa inda zai duba. Kuma kada ki ƙara bari wani ya sa ki gaggawa, ko wane ne. Ajiye kofin nan, ina za ki da shi?”

Baba ya shaƙe da shayi, sai da na je na bubbuga masa baya.

Ranar Asabar aka aike ni ɗakin taron in tsaya kusa da amfilifaya, na’urar ƙara sauti, ko wani abu zai taso. Ba abin da ya taso. An kunna fitilu duka, an kunna firij biyu, lasifikokin ba su ce uffan ba sai abin da aka faɗa musu. Shugaban likitocin ya yi awa ɗaya da minti arba’in yana magana a kan dasashi, kuma kowace kalma ta isa har kujerar ƙarshe. Wajen minti na hamsin wani likita mai furfura da ke zaune kusa da ni ya sunkuyo.

“’Yata, ke ce mai kula da na’urar?”

Na gyaɗa kai.

“Bara da muka zo an ɗauke wuta, mun samu mun tsere. Bana ba abin da za ki iya yi mana?”

Na ce masa a’a, an duba ko’ina.

Zanen farko yana nan a firam har yau. Injiniya ya ce ya fi kyau a ido, kuma baƙi suna yabawa. Ni ke goge masa ƙura. Ina goge gilashin duka, har da tsakiya.